Hannu a Aljihu

Na taɓa cin amanar wadda ta fi kowa yarda da ni a duniya. Na'urar da na yi aikin da ita tana da garantin shekara biyu.

Sunana Ilarie. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa 'ya'yan ƙauyenmu ilimin lantarki da maganaɗisu, ina nanata musu cewa babu abin da ke faruwa ba tare da dalili ba. Biyu ne kacal suka yarda da ni, su ma sun ƙaura Italiya. Da na yi ritaya, matata Frosina ta rasu, sai yayata Saveta ta tattaro komatsanta ta dawo gidan, wai don kada in mutu da yunwa a gaban buhun garin masara ina neman dalilinsa.

Vidra kuwa tsintar ta na yi, wata biyu bayan jana'iza. 'Yar kwikwiya ce baƙa wuluk, tana rawar sanyi a bakin ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan zinariya da ke kan hanyar dutse. Da na shigo da ita cikin rigata, Saveta ta ajiye muciya ta yi alamar gicciye.

"A ina ka samo?"

"Bakin Ramin Makafi."

"Mayar da ita. Abin da ke bakin rami na Uwar Rami ne."

"Yaya, Uwar Rami ba ta haihuwar 'yan kwikwiyo. Wani ne ya yar."

"Kai dai boko ya gama da kai. To, tunda ka ɗauko, ka riƙe ta da gaskiya. Iyakar maganata ke nan."

Kakanninmu duka mahaƙa ne, kuma sun bar mana doka ɗaya da har yau ko fadan cocinmu yake bi: ba a wucewa ta bakin rami da hannu a aljihu. Ko ƙanƙara na zuba, mutum zai zaro hannuwansa ya buɗe su har ya wuce. Tsofaffi suka ce Uwar Rami, aljanar da ke tsaron ramukan, na yafe kwaɗayi, tana yafe zagi, amma ba ta yafe ɓoyayyen hannu. Ni kuwa na sha bayyana wa ɗalibai cewa masu gadin ma'adinai ne suka ƙirƙiro maganar a da, don kada leburori su sulale da ƙwayar zinariya. Bayani ne mai kyau. Har yanzu ina ganin kyansa.

Shekara huɗu Vidra ta yi tana kwana a bakin ƙofar ɗakina. In na zauna a benci da yamma, sai ta hau gefen da Frosina ke zama, ta ɗora haɓa a gwiwata. In na yi tari cikin barci, sai ta zo ta duba. Ban taɓa ɗaure ta ba, ban taɓa ɗaga mata hannu ba.

Sai wata safiya Gligor makiyayi, wanda muka yi firamare tare, ya shigo da mataccen ɗan rago a kafaɗa ya shimfiɗe mini a kan matakala.

"Malam, ga sakamakon ɗalibarka. Ta ci jarrabawa."

Na duba Vidra. Akwai gashin tunkiya a bakinta, tana kuma kaɗa mini jela.

"Ka san yadda ake yi," in ji Gligor. "Na farko a yi haƙuri. Na biyu harsashi ne, kuma ba sai na zo neman izini ba. Rataya mata jujeu ka huta."

Jujeu guntun katako ne da ake rataya wa kare a wuya, in ya yi gudu ya riƙa dukan ƙafafunsa. Na ce masa ba zan ɗaura wa karyata itace kamar fursunan zamanin da ba, akwai hanyar ilimi.

"To, Malam, ilimin ya yi sauri. Bindigata ba ta yi makaranta ba."

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa garin Câmpeni, wurin wani Anghel mai horar da karnukan mafarauta. Ya fito mini da abin wuya na roba mai 'yar akwati baƙa, da ƙusoshin ƙarfe biyu a cikinta waɗanda ke taɓa fata, da rimot ɗan ƙarami mai madanni biyu. Ɗaya na yin ƙara, tit. Ɗayan na sakin wuta, ana murza shi daga mataki na ɗaya zuwa na goma.

"Ba na'urar ce ke horo ba, Baba," in ji shi. "Aljihu ne. Kada ta taɓa ganin hannunka. In ta nufi tunkiya, ka yi mata ƙara. In ba ta tsaya ba, ka ba ta wuta. Ita za ta ɗauka tunkiyar ce ta cije ta. Wurin wa za ta gudu?"

"Wurina."

"Sai ka rarrashe ta. Ka ga ta tsani tumaki, kai kuma ta ƙara son ka. Riba biyu."

Na yaba da tsarin. Na ma ce masa kimiyya ce tsantsa.

Ranar farko na kai ta gefen garken Gligor. Ta miƙe kunnuwa, ta zabura. Na danna ƙara. Ba ta ko waiwayo ba. Na danna ɗayan. Ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta juyo a guje ta cusa kanta tsakanin gwiwoyina. Na shafa ta da hannun hagu.

"Zo nan, 'yar gidana. Ba komai. Ni ne."

Hannun dama yana aljihu.

Cikin mako uku aiki ya kammala. Da ta hango tunkiya sai ta manne da ƙafata. Gligor da kansa ya ce ashe boko na da rana. Saveta kaɗai ce ba ta taya ni murna ba. Ta leƙo ta taga tana kallona ina rarrashin Vidra, ta ce, "Ɓera ke nan. Ya ciza ya hura."

A ƙarshen Oktoba, bayan ruwan kwana huɗu, Saveta ta aike ni rugar Gligor in karɓo cuku kafin su sauko da garke. Na yi jinkiri wajen gyaran rediyo, sai da rana ta kusa faɗuwa na kama hanya. Tafiyar minti arba'in ce. Na sa wa Vidra abin wuyanta, na jefa rimot a aljihun kwat.

Daji ya jiƙe sharkaf. Ganyaye na ɗiga. Ƙasa na tsotsar takalmi tana saki. Da muka kai kwanar Ramin Makafi, hazo ya riga mu zuwa, ya kwanta a hanya har gwiwa. Iskar rami na fitowa da warinta na kullum, na tsatsa da ruɓaɓɓen katako.

Sai na ji ƙararrawar tunkiya. Guda ɗaya, a gaba, kusa.

Vidra ta sha gabana ta tsaya. Gashin bayanta ya miƙe. Na matsa dama, ta tare. Na matsa hagu, ta tare. Ta yi haushi, ta ruga gaba cikin hazo, ta dawo ta kama bakin wandona.

Ƙararrawar ta sake kaɗawa.

Na auna al'amarin kamar mai ilimi. Ga tunkiya a gaba, ga karya ta rikice, ga bindigar Gligor a saman dutse. Na zura hannu a aljihu. Na san a bakin wane rami nake. Na ma tuna da dokar, na yi mata murmushi.

Tit.

Ba ta saki wandon ba.

Na ba ta mataki na uku. Ta yi ƙara, ta faɗa jikina kamar yadda ta saba. Na shafa kanta, na faɗa mata kalmomin da ta saba ji, na ɗaga ƙafa zan wuce. Ta sake shan gabana.

Na murza zuwa shida.

Dajin ya yi tsit a daidai lokacin. Ɗigar ruwa ta tsaya. A cikin wannan shirun, madannin ya yi ƙas a aljihuna, ƙara 'yar mitsitsiya wadda ko ni ban taɓa lura da ita ba.

Ita ta ji.

Wutar ta kayar da ita. Ta tashi. Wannan karon ba ta zo ba. Ta dubi aljihun. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗago ta dubi fuskata. Na koyar da yara da yawa, na san idon wanda ya gane darasi.

"Vidra. Zo nan."

Ta ja da baya, ta zauna.

Sai na ji tit.

Ba daga wuyanta ba. A ƙarƙashin kunnena.

Na kai hannun hagu wuyana. Babu komai sai mayafin ulu. Amma fatar na jin sanyin ƙarfe a wuri biyu. Na yi niyyar zaro hannun dama. Ya ƙi fitowa. Yatsun sun damƙe rimot sun ƙage, kamar na wanda ya kama wayar wuta. Wannan ma na sha koyar da shi.

Na yanke shawarar cuku zai iya jira. Na juya wajen gida, na yi taku ɗaya.

Wuta ta ratsa ni daga wuya zuwa haƙora. Na ji ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Ba ta da tsanani sosai. Mataki na uku, in ban yi kuskure ba.

Na sake taku. Ta biyun ta durƙusar da ni a cikin laka.

"Ilarie."

Daga gaba muryar ta fito, inda ƙararrawar take. A hankali, kamar mai gudun tada wani daga barci.

"Ilarie, zo nan. Ba komai. Ni ce."

Warin tsatsa ya ɗauke. Na ji ƙamshin sabulun da ake dafawa a gida, da na burodi mai zafi. Shekara huɗu rabona da haɗin nan, tun rasuwar Frosina.

Tana durƙushe cikin hazo, taku bakwai ko takwas daga inda nake, da ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo da zanen girkinta a ƙugu. Ta miƙo mini hannu.

Na san inda Frosina take. Ni na zaɓi dutsen kabarinta. Amma na rarrafa taku ɗaya wajenta, sai zafin ya ɗauke ɗif, wani daɗi ya sauko mini har ƙafa. Na tsaya, na waiwaya.

Tit.

Ban jira wutar ba. Na rarrafa.

"Yauwa. Me ya cije ka? Zo in gani."

A bayana Vidra na haushi, amma kamar daga wani ƙauye. Ina kuka, ni da ban yi kuka a jana'iza ba. Taku biyar. Taku huɗu. Ƙasa ta yi laushi a ƙarƙashin gwiwoyina, wani abu na ƙara a cikinta kamar tsohon katako.

Taku uku. Ina ganin tabon ƙunar da ke wuyan hannunta na hagu, wanda ta miƙo.

Na hagu.

Na nemi na dama.

Yana cikin aljihun zanen girki.

"Frosina," na ce, da kyar. "Hannunki."

Ta yi murmushi, irin wanda na yi wa dokar ɗazu.

Ƙas.

Ban san mataki na nawa ba ne. Na ga fari. Na ji warin gashi na ƙuna. Abin da ya fi ba ni kunya, kuma don shi na daɗe ban ba da labarin nan ba, shi ne da na farfaɗo na sami kaina ina ci gaba da rarrafe wajenta. Na ga hannun. Na san wa ke dannawa. Amma babu wani wurin gudu da na sani.

"Zo. Ba komai."

Taku biyu.

Wani abu ya daki haƙarƙarina. Haƙoran Vidra suka shige aljihun kwat, suka haɗa da yatsuna, suka fizga. Yadin ya yage. Rimot ya suɓuce, ya gangara gabana, ya shiga hazo daidai inda gwiwoyinta suke.

Ban ji faɗuwarsa ba.

Na ƙirga, don sana'ata ce. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Can ƙasa, ruwa ya ce tsulum.

Mita tamanin, in aka yi wa iska afuwa.

Na ɗaga hannuwana biyu sama, na buɗe su, na dama na zubar da jini. Ban yi addu'a ba. Na dai riƙe su a buɗe kamar ɗalibin da ake duba wa farce. Hazon ya janye sannu a hankali. Babu kowa. Ruwan kwana huɗu ya cinye katakon da aka rufe tsohon ramin shan iska da shi tun zamanin kakana, ya haɗa da rabin hanyar. Bakinsa yana tafin hannu ɗaya daga gwiwata.

Da baya na rarrafo.

Vidra ce ta kai ni gida. Tana gaba da taku goma, in na tsaya ta tsaya, in na matso ta ƙara gaba. A ƙofar gida ta ƙi shiga. Na durƙusa zan cire mata abin wuyan, ta kauce. Sai da Saveta ta fito ta cire mata da kanta, ta dubi yagaggen aljihuna, ta dubi wuyana.

"A bakin rami?"

"Yaya, iskar ramin ce. Akwai wata guba da ke..."

"Shiga ka wanke hannu. Ina cukun?"

Da safe babu Vidra. Da azahar Gligor ya sauko, hularsa a hannu, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce da asuba ya tarar da ita kwance a tsakiyar garke, 'yan raguna na hawa bayanta. Har ya ɗauko bindiga, sai ya ga babu wadda ta firgita. Na tambaye shi tunkiyar da ta ɓace masa jiya wajen Ramin Makafi.

"Wace tunkiya, Malam? Kwana biyar muna bayan dutse. Kuma ni ban rataya wa kowace ƙararrawa ba bana, kyarkeci ke bin sautin."

Likita ya duba tabo biyun da ke wuyana ya ce cizon ƙwaro ne. Na auna su da rula a gaban madubi, na auna ƙusoshin abin wuyan, na ga ƙwaron ya yi aiki da ma'auni. Sauran kuma ya ce gurɓatacciyar iskar rami ce da hawan jini, sukan sa mutum ya ga abin da babu. Na yarda da shi, bayani ne mai kyau. Na kuma ba Saveta rigunana duka ta ɗinke aljihunan, saboda suna tara datti.

Abin da ban gaya wa likita ba shi ne, a da in na rufe ido ina iya jin muryar Frosina yadda take, tana mita a kan littattafan da na bari a tebur. Yanzu in na kira muryar, da aljihun take zuwa. Na je kabarinta sau biyu, na tsaya daga nesa. Na san ba ita ba ce. Sanin bai hana komai ba.

Vidra ta shekara biyu ke nan a rugar Gligor, ba jujeu, ba abin wuya, kuma ko ɗan rago ɗaya bai rasa ba. Duk Asabar nakan hau, ta sabuwar hanya, da ƙashi a tafin hannu a buɗe. Tana kaɗa wa Gligor jela, tana kaɗa wa mai karɓar madara, har jami'in haraji ta taɓa kaɗa wa. Ni kuwa takan dubi hannuwana, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zagaya bayan Gligor ta kwanta. Ƙashin sai na ajiye na tafi take ɗauka.

"Ka ba ta lokaci, Malam," in ji Gligor. "Ko ka ba ta lakca."

Kwanaki na haɗu da Anghel a kasuwa, ya tambaye ni ko na'urar ta yi aiki. Na ce masa ban taɓa ganin abin da ke aiki kamarta ba.

Ban yi masa ƙarin gishiri ba. Har yau in motar burodi na ja da baya tana tit, tit, sai in tsaya cak a tsakiyar titi. Saveta ta lura da haka tun makon farko. Ta dai sayo ƙaramin agogon girki mai irin wannan ƙarar, ta sa a aljihun zanenta.

Yanzu ba ta kirana cin abinci sau biyu.